Taken Ubansa a Fagen Kebbe

Kiran assalatu ya same mu a bakin hanyar mota a Dogon Daji, mu biyu, ni da ɗan wana. Muka yi sallar asuba a gindin wata ceɗiya tare da sauran masu jiran mota, sannan kowa ya koma kan kayansa ya lulluɓa da mayafi. Kebbe muka nufa, inda ake babbar kokawa kowace kaka idan gero ya shiga rumbu. Ni ban ɗauki kome ba sai jakar fata da buta da sanda. Shi kuwa ƙunshi biyu ya fito da su. Ƙaramin na kayan kokawa ne, warki da kambu da layu. Babban ya ɗaure shi tamau da igiyar rama, bargonsa na ciki da duk rigunan da ya mallaka. Na ga babban ƙunshin nan na kau da kai, don na san abin da yake nufi.

Ya kamata in gaya wa mai karatu abin da ya fitar da mu. Wana, Allah ya jiƙansa, ɗan kokawa ne da aka sani daga Yabo har Jega a zamaninsa. Ya rasu a farkon daminar bana, bayan ciwon da bai daɗe ba. Ya bar ɗa namiji guda, wannan da nake tafe da shi, wanda ya gaji ƙirarsa da sana'arsa. Kafin rasuwar, an daɗe ba a ga bayan ɗan a ƙasa ba a duk yankinmu. Amma tun da aka buɗe fagen bana, duk inda ya shiga sai a kayar da shi. An kayar da shi a gida, gaban mutanen unguwarmu. An kayar da shi a Jabo, kuma wanda ya kayar da shi ɗin, bara ɗan wana ɗaukarsa ya yi kamar damin gero. Jikinsa bai rame ba, ƙarfinsa yana nan, don na ga noman da ya yi shi kaɗai a gonar gado. Mutane suka ce asirin gidan ya bi mai shi kabari. Mahaifiyarsa ta sayar da akuya aka ɗinka masa sababbin layu, abin bai canja ba.

Gab da tashinmu ya same ni a zaure, ya durƙusa ya ce, "Baffa, in anka kada ni Kebbe, ba ni komowa gida. Kurmi za ni."

Cin rani ba baƙon abu ba ne a wurinmu, samari kan tafi su dawo da ruwan farko. Amma na san bambancin mai tafiya neman abin kansa da mai tafiya don ya gaji da idon mutane. Na biyun ba ya dawowa. Ni 'ya'yana duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Idan wannan ya tafi, ƙofar gidan wana ta rufe ke nan. Shi ya sa na ce zan raka shi, ko da yake ƙafafuna sun fara ƙin doguwar tafiya.

Rana na ɗagowa sai ga motar da ta taso daga Sakkwato, babbar lori mai bodin katako, cike da buhunan gishiri, mutane kuma sun hau kan buhunan. Sule guda aka ce kowa zuwa Tambuwal. Wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa ta tsaya ciniki, ta ce ita ta ji an ce an sami mulkin kai, ashe har yau sule ake biya? Direba ya leƙo ya ce, "Inna, mu mun ji, motar ce ba ta ji ba. Har yau mai taka sha." Aka yi dariya, tsohuwa ta hau tana mita. Hirar da aka yi ke nan har muka sauka. Wani ya ce haraji zai sauko, wani ya ce hawa zai yi, wani dattijo ya ce shi dai a bar masa gonarsa da jakinsa, ko wa ke mulki. Mun wuce wata makarantar yara, sabuwar tutar nan kore da fari tana kaɗawa a kan doguwar gora, yara sun yi layi a ƙarƙashinta. Leburorin hanya suna ta cike ramukan da damina ta bari, suna ɗebo burji da kwanduna. Ɗan wana kuwa ya rungume ƙunshinsa yana kallon gonaki.

A Tambuwal muka karya kumallo. Ƙwaryar fura da nono kobo biyu, kuma furar ta ji kayan yaji, nonon na safiyar ne. Muka haɗa da ƙosai mai zafi. Muna cikin sha wani mahauci ya hango mu, ya ajiye wuƙarsa ya taso ya yi mana gaisuwar rashi. Ya yabi marigayi ƙwarai. Sannan ya juya ga ɗan ya ce, "An ce bana..." sai ya tsaya, ya shafa gemu, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma rumfarsa. Na ga ɗan wana ya ajiye ludayi, bai ƙara ɗauka ba.

Babu motar Kebbe a ranar. An ce hanyar ba ta gama bushewa ba, akwai wuraren da mota ke kafewa. Sai muka bi wasu fatake masu jakuna da ke kai gishiri da goro, suka yarda muka aza kayanmu a kan wani jaki da bai cika kaya ba. Daga Tambuwal aka yi kudu. Ƙasar tana sauyawa a hankali. Yashin da muka saba da shi ya fara ba jar marmara wuri, itatuwa suka ƙaru, kaɗanya da ɗorawa da taura. An gama girbin gero, karmami a kwance, shanun Fulani sun shiga suna kiwo. Dawa kuwa tana tsaye, ta sunkuyar da jajayen kawunanta tana jiran lauje. Nan da can auduga ta fashe fari fat. A kowane ƙauye sai ka ga maza a kan tsani suna yaɓen rumbu, abin da ke nuna shekara ta yi kyau. A wani ƙauye muka tsaya bakin rijiya muka yi azahar, wata mata ta sayar mana da dafaffen rogo da ƙuli, ta ƙara mana gyara don ta ji mu baƙi ne.

Tafiyar ƙasa tana ba mutum damar tunani. Ɗan wana yana gaba, ni ina baya ina kallon tafiyarsa, wadda ba ta da bambanci da ta ubansa. Shi ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Wana bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Idan ɗan zai shiga fage, uban ba ya zama gaba cikin manya. Sai ya koma can bayan 'yan kallo ya tsaya kamar mai wucewa. In an tashi, sai ya same ni ya ce, "Gaya wa wancan ya rage ɗaga kai," ko kuwa, "Gaya wa wancan ya bar gaggawa." Ni kuma in kai saƙo. Ni ban iya kokawa ba, tun ina yaro aka gane haka. Aikina ke nan shekara da shekaru, ɗaukar magana daga zauren wana zuwa ɗakin ɗansa. Tun da aka rufe shi ba ni da abin kaiwa. Ranar da aka kayar da yaron a Jabo ya dube ni, ni ma na dube shi, bakina babu kome.

Rana ta yi sanyi muka hango Kebbe, da giginyunta da fadamarta mai shinkafa. Ƙamshin kifin da ake ƙyafewa ne ya fara tarbar mu. Muka sauka gidan wani dattijo, tsohon ɗan kokawa, wanda shi ne babban abokin karawar wana a da. Sun kayar da juna ba adadi, daga baya suka zama aminai. Ya fito yana ɗingishi, dogon mutum, ƙashinsa har yanzu na ƙarfafa ne. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, muka yi wa mamaci addu'a. Sannan ya dubi ɗan daga sama har ƙasa.

"Kai ne ɗan mugun mutumin nan?" in ji shi. "Ka ga gwiwar ga? Aikin ubanka ne. Duk safiyar da anka yi sanyi sai ta gaishe ni da sunanshi."

A karo na farko tun fitowarmu na ga murmushi a fuskar yaron. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda mu mutanen tudu ba mu samu sai an yi baƙo. Ni na ci na ƙoshi. Shi ya ɗan taɓa ya wanke hannu.

Washegari bayan la'asar aka buɗe fage a wani fili mai yashi a gefen gari. Dattijon ya ce wa ɗan wana kada ya shiga a ranar, ya huta gajiya, kallo kawai za mu yi. Jama'a ta cika, masu rake da masu gyaɗa suna kewayawa, makaɗa sun jeru da gangunansu. Ga wanda bai sani ba, kowane sanannen ɗan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda ko daga nesa ka ji ka san wa ake kira. Kuma al'ada ce idan uba ya kwanta dama, ɗansa ya gaji taken. Girmamawa ce, babu wadda ta fi ta a fage. Muna shigowa babban makaɗin ya gane mu. Ya ɗaga hannu, sauran suka tsaya, sai ya saki taken wana: kututturen ƙirya, gatari ya gaji ya bar ka. Fage ya ɗauki sowa. Tsofaffi suka miƙe tsaye, wasu suna share ido.

Ni ƙasa na duba, kamar yadda nake yi duk inda aka buga shi a bana. Da na ɗago sai na ga dattijon ba makaɗa yake kallo ba, yaron yake kallo. A hanyar gida ya rage tafiya ya bar ɗan ya yi gaba, sannan ya ce mini, "Haka aka buga mai a ko'ina?"

Na ce haka ne, tun fagen farko.

"Kuma ba wanda yag ga abin da shika yi in an buga?"

Na ce ni dai ban gani ba.

"Numfashi shika bari," in ji shi. "Kafaɗunshi su hau har kunne. Idonshi shi bar fage shi koma bayan mutane, shina neman wani. Wa ka tsayawa bayan mutane?"

Na san wana yake nufi.

Da safe ya sa muka bi shi bakin gulbi, inda ruwa ya janye ya bar faffaɗan yashi. Ya zo da wani tsohon makaɗi abokinsa, rataye da ganga. Babu kowa sai masunta can nesa. Ya ce wa ɗan wana ya tuɓe ya ɗaura warki, ya tsaya kamar zai kama. Ya tsaya, ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe. Dattijon ya sa hannu biyu ya ture shi, ko gezau. Ya sake da kafaɗa, kamar ya ture itacen kuka. Sai ya ɗaga wa makaɗin kai. Ganga ta ɗauki taken. Bai bari ta kai ƙarshe ba ya sa tafin hannu guda a ƙirjin yaron ya tura. Sai ga ƙaton nan ya yi baya taga-taga, saura kaɗan ya zauna.

"To, ka gani," in ji dattijon. "Tsoho mai gwiwa guda. Wane asiri nika da shi? Ba a ɗauke ma ƙarfi ba, ɗana. Kai ne ba ka nan. In ganga ta tashi sai ka fita ka bar jikin tsaye, kowa yaz zo shi kada shi."

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Ka yi kukan ubanka?"

"Baba, ai namiji..."

"Namiji mi? Ni na yi. Ranar da labari yaz zo na shiga bayan rumbu na yi abina, kaji na kallona. Ko ni ba namiji ba ne? Tambayi gwiwar ga."

Gaskiya ne, ranar jana'iza yaron nan bai zubar da hawaye ba. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar, ya fito ya zauna karɓar gaisuwa, fuskarsa a bushe. Duk gari aka yi ta yabon dauriyarsa, ana cewa ɗan ubansa ne. Mu a wurinmu wannan shi ne cikar mutum.

Dattijon ya ce wa makaɗin ya buga, kada ya tsaya sai an ce ya tsaya. Ganga ta yi ta faɗin abu guda, tana komawa tana sakewa, a fili babu sowa babu jama'a. Yaron ya daure iyakar daurewarsa. Na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Daga nan ya durƙusa a kan yashi, ya kifa kansa.

Ni sai na tafi kallon jiragen masunta. Akwai wani yana ɗinkin taru, na tsaya kansa na daɗe, har ya tambaye ni ko saye zan yi. Na ce a'a, aikin ne ya ba ni sha'awa. Ya dubi fuskata, ya matsa mini wuri a gefen jirgin. Allah ya saka masa da alheri.

Da na komo na tarar yaron ya wanke fuska a gulbi, dattijon yana yi masa bayani. Abin da na riƙe daga ciki shi ne wannan. Ya ce ganga ta 'yan kallo ce, ba ta mai kokawa ba. Idan ta tashi, kada ya yi faɗa da ita, kada kuma ya yi kamar bai ji ba. Ya bar ta ta faɗi taken sau ɗaya har ƙarshe, ya ce Allah ya jiƙan mai shi a zuciyarsa, nan hakkin uba ya ƙare. Sannan ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya fitar da numfashi har sai cikinsa ya zama wofi, ya nutsa yatsun ƙafarsa cikin yashi har ya ji sanyinsa. In ya ɗago, idonsa wuri guda zai sa, cibiyar abokin karawa.

"Ido na ƙarya, kafaɗa na ƙarya," in ji shi. "Cibiya ba ta iya ba. Inda taz nufa, nan mutum za shi. Kuma idon da ke kan cibiya ba shi da lokacin yawo bayan mutane."

Na ce, "Ba sai mu roƙi makaɗa su bar buga taken ba?"

Ya yi dariya. "Makaɗa nawa za ka bi, Malam? Na Kebbe, na Tambuwal, na Gummi? Kuma ranar da abokin karawa yag gane, shi da kanshi za shi ba makaɗi goro shi buga. A'a. Abin da ba ka iya hanawa, saba mai aka yi."

Suka yi ta maimaitawa. Ganga ta tashi, a ɗebi ƙasa, a fitar da numfashi, dattijo ya tura. Da farko yaron yana motsawa. Daga baya ya rage. Can da rana ta fara zafi dattijon ya tura da hannu biyu, ya ƙara da kafaɗa, har ya gaji ya zauna yana haki yana zagin gwiwarsa.

Muna hutawa a inuwar wata giginya yaron ya yi tambayar da na san ta daɗe a ransa. Ya ce, "Baba, shi bai taɓa jin tsoro ba, ko?"

"Wa? Ubanka?" Dattijon ya tafa hannu. "Ka taɓa ganin yadda shika daɗewa wurin shafa ƙasa kafin kamu? Mutane na cewa isa ce. Ni da nika tsaye gabanshi ni nas san gaskiya. Hannunshi ka rawa. Jira shikai shi bari. Nawa ma rawa shikai, shi ma ya sani. Ba mu taɓa tona wa juna ba sai yau."

Ni kaina ban san wannan ba, ni da muka fito ciki ɗaya. Yaron ya dubi tafin hannunsa.

Da la'asar muka koma fage. Jama'a ta fi ta jiya, har kan itatuwa. Da aka kira ɗan wana, makaɗa suka saki taken da duk ƙarfinsu. Wannan karon ban dubi ƙasa ba, shi na duba. Na ga kafaɗunsa sun fara hawa. Na ga leɓensa ya motsa. Sai ya sunkuya ya ɗebi ƙasa, ya daɗe yana murzawa, har wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu ya ce ko shuka zai yi. Ya ɗago. Wanda aka haɗa su wani saurayi ne daga ƙetaren gulbi, mai zafin nama. Ya kawo hari ta dama, ya yi kamar zai koma hagu, yaron bai bi kafaɗarsa ba. Ya bari ya shigo, ya cafe ƙugunsa, ya ɗaga shi ya ajiye. Abin bai ɗauki lokaci ba. Dattijon da ke kusa da ni bai yi sowa ba, goro kawai ya ɓare ya miƙo mini rabi.

Da a nan aka tsaya, da labarina ya zo da sauƙi. Amma ɗan wana ya taka har gaban gwanin Kebbe na bana, ya miƙa masa hannu, alamar yana neman su kama. Wani gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, manomin shinkafa, wanda aka ce bana ba a ko sa shi dafa ƙasa ba. Na ce wa dattijon ya hana. Ya ce, "Ba a hana wannan."

Aka sake buga taken, ya sake ɗibar ƙasa. Suka kama. Ban taɓa ganin yaron ya yi kokawa irin ta ranar ba, ko lokacin da ubansa ke raye. Ba gaggawa, ba ɗaga kai. Suka yi ta juya juna, yashi na tashi, har aka raba su suka sha ruwa suka koma. Fage ya yi tsit, makaɗa ma suka sassauta. Sau ɗaya ya ɗaga mutumin Kebbe har ƙafarsa guda ta bar ƙasa, mata suka fara guɗa, amma mutumin ya nutse kamar turmi ya dawo. Rana ta kusa faɗuwa, duka biyu sun jiƙe sharkaf, sai gajeren ya sami ƙafar yaron ya harɗe ta, ya tura da ƙirji. Ɗan wana ya tafi ƙasa.

Garin ya ɗauka da sowa. Wanda ya yi kayen bai tafi rawa ba, ya tsaya ya miƙa hannu ya tashe shi, ya faɗa masa wata magana a kunne. Ni dai ina zaune, abu guda ke kaina: an kayar da shi a Kebbe.

Da muka koma masauki ya ci tuwo malmala biyu ya nemi ƙari, ya kwanta. Da safe muna sallama na ja dattijon gefe, na gaya masa maganar Kurmi, na roƙe shi ya sa baki. Ya girgiza kai. "Kokawa nas sani, Malam. Ban san tsare mutum ba." Ya ba mu ƙunshin busasshen kifi, ya rako mu har bayan gari yana ɗingishi.

Dawowa ta fi zuwa tsawo a wurina. Mun sami wasu masu jakuna da ke ɗauke da shinkafa, muka biyo su. Duk abin da na gani da zuwa yana nan, dawa da auduga da shanu, amma ban kalle su ba. Sau da yawa na shirya magana a bakina, in na dubi bayansa sai in haɗiye. Ba a saba ba. A gidanmu ba mu iya roƙon mutum ya zauna ba.

A tashar Tambuwal mota biyu muka tarar. Ɗaya ta juya kudu, ana kiran Jega, Yawuri, Kwantagora. Ɗaya ta juya arewa, hanyar gida. Ɗan wana ya sauke ƙunshinsa biyu a tsakaninsu, ya tsaya. Ni na zauna kan wani dutse na riƙe sandata. Can ya juyo.

"Baffa, yaushe aka kokawar Tambuwal?"

Na ce sai an fara awon auduga.

"Gwanin Kebbe ya ce mini shina zuwa. In ya gaji, ƙafar hagu shika jingina. Ban gane ba sai gab da ƙarshe. Da na gane da wuri..." Ya sunkuya ya ɗauki babban ƙunshin, ya cilla shi cikin motar arewa, ya miƙo mini hannu. "Taho in taimake ka, bodin na da tsawo."

Mun iso Dogon Daji kafin magariba. Mahaifiyarsa tana bakin ƙofa. Labarin kayen ya riga mu isowa, amma ba shi ta tambaya ba. Ƙunshin ta duba, ta karɓa ta shige da shi ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ina ganin ya isa a faɗa wa masu riƙon 'yan wasa. Muna ciyar da ɗan kokawa fura da nama, muna ɗaura masa laya har hannu ya yi nauyi, amma ba mai tambayar inda hankalinsa yake a lokacin da ya tsaya a fage. In ya faɗi mu ce asiri, mu wuce. Kuma abin da muka ɗora wa mutum don girmamawa yana iya zama shi ne kayan da ya fi ƙarfinsa, ba mu sani ba, don duk mun sunkuyar da kai a lokacin da ya kamata mu dube shi. Na kuma gane faɗuwa iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke tashi bai san abin da ya same shi ba, akwai wadda yake tashi ya san ƙafar da zai kama gobe.

Tun da muka dawo, kowace safiya yakan ɗauki makaɗin garinmu su gangara fadama. Daga gidana ana jin gangar sarai. Kwanakin farko nakan shige ɗaki in ja ƙofa. Yanzu ina fitar da tabarma waje, in zauna in saurare ta har ta kai ƙarshe.